A Bar Tsamiyar Bakin Rafi Zuwa Ruwan Fari

Mai girma Dagaci, Malam Liman, shugaban taro, iyayena da ƙannena manoman wannan gari namu na ƙasar Bagwai, assalamu alaikum. Na gode da kuka ba ni, Muntaka mai ɗinkin riga, damar tsayawa gabanku.

Maganata a kan tsutsar tsamiya ce. Yaranmu ba su san ta ba, don haka bari in faɗa. Uwarta faɗa-wuta ce mai fararen fukafukai da zane ruwan ƙasa. Da damina take saka ƙwai a bayan ganye. Tsutsotsi su fito masu gashi, su ci ganye, su jeru, su taru su saƙa gida ɗaya, su kwanta ciki rani guda. Sai ruwa ya sauka su fito da fukafukai. Gidan nan iyayenmu mata ke dafawa da ruwan toka, su kaɗa zaren da muke yi wa manyan riguna aiki. Fatake sun ce har kurmi ana samunta. A nan kuwa ta ƙare.

Mun sare itatuwa, mun yi feshi, gaskiya ne. Amma ni ma da hannuna a ciki. Mahaifiyata, Inna Hure, ta sha gaya mini: "In ka ga gida uku, ɗauki biyu, bar ɗaya." Shekarar da aiki ya yi mini yawa na kwashe duka, na dafa. Shekara tara ke nan ban sake ganin ko ɗaya ba, kuma kunyar abin ba ta sake ni ba.

Sai makon jiya na ga gida ɗaya a tsamiyar bakin rafi, ta gonar Alhaji Basiru, wadda masu gawayi za su sare ranar Asabar. Inna tana kwance, idonta ya tafi. Na ce zan ciro mata gidan ta taɓa, ko sau ɗaya. Ta ce, "Har yanzu ba ka ji ba?"

Alhaji, itacenka ne, ba mai musu. Roƙonka nake yi a gaban jama'a: ka ɗaga mana saran zuwa ruwan fari, tsutsotsin su fito da fukafukai. Inna ba lalle ta kai lokacin ba, ta kuma sani.

Allah Ya ba Dagaci lafiya, Ya ba mu damina mai albarka, Ya yafe mana ɓarnar hannunmu, Ya mai da kowa gida lafiya.

Na gode.