Na Yi Azumi Don Inji Ya Lalace

Salama a gare ku, 'yan'uwa, cikin sunan Yesu Almasihu.

Sunana Ladi, wasu na kirana Maman Bitrus. Shekara goma sha ɗaya na yi ina jera kwalaben ruwan lemo cikin kwali a wani kamfani a Idu. Wata Litinin muka shiga aiki, sai ga wani ƙarfe mai dogon hannu tsaye a gurbina, wai shi robot. Ba ya gajiya, ba ya neman izinin zuwa jana'iza. Oga ya tara mu ya ce, "Ba laifinku ba ne, amma mutum uku kaɗai muke bukata yanzu."

Ba na cikin ukun, na koma gida. Da wa zan yi fushi? Da oga, ko da ƙarfe?

Bari in faɗi gaskiya a gaban Allah: azumin kwana uku na yi don injin nan ya lalace. Kuma ya lalace! Aka kira mu aiki. Wasunku sun ga rawar da na taka a nan ranar Lahadi. Bayan sati biyu injiniya ya gyara shi, aka sake sallamar mu.

To, an amsa mini ne ko ba a amsa ba? Kaina ya ɗaure. Na daina zuwa zumuntar mata.

Wata safiya ina shara, sai na durƙusa da tsintsiya a hannu, na ce, "Ubangiji, ban gane komai ba. Ko abin da zan roƙa ban sani ba. Kai ka sani."

A satin nan Alhaji Sani, Bazazzagin da ke kai wa kamfanin lemo daga kasuwar Zuba, ya aiko a neme ni. Ya ce, "Maman Bitrus, tunda suka kawo sababbin injina, in lemo bai zo girma ɗaya ba, sai su dawo mini da mota guda. An ce idonki ba ya kuskure. Zo ki riƙa tantance mini."

Yau mu biyar ne masu tantance lemo a rumfarsa, ni ce babba. Injin da ya kore ni, shi ya sa aka neme ni! Har yanzu ban gane ba. Ƙawata Saratu, wadda ta fi ni naci da addu'a, tana gida ba aiki. Don Allah ku riƙa tunawa da ita.

Amma 'ya'yana suna ci, suna makaranta. Na gode wa Yesu! Duk wanda kansa ya ɗaure, kada ya jira sai ya gane kafin ya durƙusa. Ku dogara gare shi. Amin.