An Hana Ni Hura a Kasuwar Jega

Salamu alaikum, mai gabatarwa. Ni ne Malam Ige, manomin albasa daga Aliero.

Naman cinyoyina ya kumbura, buhu ma ya gagare ni ɗauka. Likita ya ce ciwon suga ne da tsufa, wai teɓata ta sa sojojin jinina suna yaƙar naman jikina. Tir! Sojojin da na ciyar tun ƙuruciya!

Sai 'ya'yana sunka bi kasuwar Jega sunka hana a sayar mini hura. Bafulatanar da muke ciniki tun kafin a ba mu jiha ta rufe ƙwaryarta, ta ce, "Baba, yi haƙuri."

Jama'a, ɗa na da ikon hana ubansa hura? Ina gaida abokaina na Maiyama, ban da Manu, shi da ya yi mini dariya da ya ji an hana ni hura.