Kafaɗar Tarjo

A tashar mota ta garin Cikarang, Tarjo na zaune sanye da rigar masana'antar takalma, sai wani dattijo ya zauna kusa da shi yana ƙare wa rigar kallo.

"Samari, har yanzu kana can? Ka taki sa'a. Mu kam mutum-mutumi suka kawo, suka ce mu tafi gida."

"Allah ya musanya da alheri, Baba."

"Dole ka ce haka, tunda kai aka bari! Me kake yi musu?"

"Gadi. Mutum-mutumin su yanka, su manna, kwamfuta ta duba. Ni kaɗai ke numfashi a sashenmu."

"To ai ka huta da surutun mutane."

"Na huta kam." Tarjo ya juyo ya dube shi. "Ka tuna masallacin bayan ɗakin cin abinci?"

"Wanda sai an yi layi kafin a samu alwala?"

"Shi. Da, in ka tayar da azahar kai kaɗai, kafin ka gama Fatiha wani ya taɓa maka kafaɗa, ka zama liman. Yanzu sai in ɗauko sura mai tsawo, in ja ruku'u, ko wani zai shigo."

"Ana shigowa?"

"Jiya na ji an taɓa ni. Har na ɗaga murya da kabbara."

"Wane ne?"

"Labule ne. Fanka ta kaɗo shi."

Da motar unguwar dattijon ta iso, ya miƙe, ya dafa kafaɗar Tarjo, ya daɗe bai ɗauke hannun ba.