Kwana Sha Huɗu Aka Rubuta

A bencin da ke gaban tagar karɓar magani a asibiti, wata mata ta juya wajen dattijon da ke gefenta.

"Baba, don Allah duba min takardar nan. Kwana nawa aka rubuta?"

"Sha huɗu, 'yata. Wa ye ba lafiya?"

"Maigidana ne. Tun da aka yi masa dashen ƙoda garkuwar jikinsa ta yi rauni. Bakinsa ya yi fari fat, ko ruwa da ƙyar yake haɗiya. Amma na san halinsa, da ya ji sauƙi zai ce ya isa."

"Kada ki yarda. Ko zai yi fushi, ki tsaya a kansa sai ya shanye."

"Kai Baba, babban mutum ne fa."

"Haka na ce ni ma. Matata tana jinyar ciwon daji bakinta ya yi haka. Kwana biyar ya washe, ta ce maganin yana tayar mata da zuciya, na ce to bar shi. Da gudawa ta biyo baya, na ce abinci ne. Sai da aka yi mako uku na kawo ta. Suka ce tsutsa ce a hanji, farin kuma ya dawo har maƙogwaro."

"Subhanallahi! Yanzu ya jikin nata?"

Dattijon ya ɗaga ledar da ke hannunsa.

"Ta rasu, 'yata. Sauran magungunanta na kawo musu. Ko za su yi wa wani amfani."