Ƙanƙarar Hasken Rana

A tashar motocin Tibiri, cikin Maradi, Tahira na jiran mota ta cika, wani mai sana'ar ƙanƙara na gefenta yana cika baki.

"Hajiya, da wutar hasken rana zalla nake ƙanƙarata. Har takardar shaida gare ni."

"Ta faɗi lokacin da aka samu wutar?"

"Ina ruwanta da lokaci? Na shekara aka dunƙule."

"Shaidar kirki awa-awa take nunawa, Malam. In rana ta faɗi, da me firijinka ke kwana?"

"Rarar rana ta biya ta dare."

"Batir gare ka?"

"Tukuna."

Tahira ta taɓe baki, ta janye zanenta.

"To matsar da jarkar gazuwal ɗin nan taka, man janaretanka. Hasken ranarka na ɗiga mini a ƙafa."