Ranar da Na Wuce Babana Ban Durƙusa Ba

Ina gaishe ku cikin sunan Yesu Almasihu, 'yan'uwa. Salamarsa ta zauna a gidajenku.

Abin nan ya yi mini wuya. Lokacin da ya faru na sha wuya, yau ma faɗinsa wuya ne. Fasto ya ce in rubuta, na ce ni da biro ba mu saba ba, ya ce in rubuta yadda nake magana. To ga shi.

Sunana Iliya. Ƙauyenmu yana gaba da Sandamu, a ƙasar Daura. Gidajen masu bi a wurin ba su da yawa, namu yana ciki. Firamare na yi a makare, na koma gona, na yi aure. Sai kuɗin mai ya shigo ƙasa, gwamnati ta ce kowane yaro zai shiga makaranta, ana neman malamai ido rufe. Haka aka kwashe ni zuwa kwalejin horon malamai, da gemuna, da 'ya'ya biyu a gida, aka zaunar da ni benci ɗaya da yaran da na ba shekara goma.

Shekara uku ina nan kamar baƙo. Turanci ya ƙi ni, lissafi ya ƙi ni. In na zauna a aji ina so in fita, in na fita in rasa inda zan nufa. A lokacin kowa gudu yake yi. Wanda muka yi kiwo tare ya dawo daga Kano a kan babur. Wani ya zo daga Kaduna da rediyo mai kaset rataye a kafaɗa. Ni wando biyu gare ni. Zuciyata ba ta taɓa zama wuri ɗaya ba, ko na yini guda.

A makarantar akwai wata ƙungiya ta ɓoye, 'Yan Jan Ƙyalle. Kowannensu da jan ƙyalle yana leƙowa daga aljihu, takalmi mai tudu, wando mai faɗin ƙafa yana sharar ƙasa. Wasunsu masallaci suke zuwa, wasu coci, amma ranar Asabar a ƙwarya ɗaya suke shan giya. An ce magabatansu suna manyan ofisoshi a Kaduna, ɗan ƙungiya ko ya faɗi jarrabawa ba ya rasa aiki. Wannan maganar ce ta kama ni, don na san faɗuwa zan yi.

Tun daga aji ɗaya ake shiga. Ni sai a aji huɗu na kai kaina. Shugabansu wani yaro ne da suke kira Janar, gashin baki bai gama fito masa ba. Ya dube ni sama da ƙasa.

"Tsoho, me ya kawo ka? Nan ba majalisar dattawa ba ce."

Suka kwashe da dariya. Na ce ina so in shiga.

"To buɗe kunne. Mu ba ma ƙirga shekaru. Wanda ya shigo ƙarshe shi ne Auta, ko da furfura. Kwana arba'in, duk inda ɗayanmu ya kira ka, ka zo a guje ka durƙusa. Kwana arba'in, in ba malami a cikin aji ba, ba ka gaida kowa sai mu, ba ka amsa gaisuwar kowa, ba ka cin abin hannun kowa. Ka karya ɗaya, ka fita."

Na yarda. 'Yan'uwa, da bakina na yarda!

Na wanke musu safa. Na goge takalma. Na koyi shan abin da ban taɓa kai wa baki ba. Sujada na daina zuwa, don a can dole a gaisa. Kullum ina ƙirga kwanaki, ina jin kamar akwai tururuwa a cikin rigata.

Kwana na talatin da bakwai, Asabar ce, da la'asar, cikin damina. Janar da mutanensa suna zaune ƙarƙashin darbejiya kusa da ƙofar makaranta. Sun aike ni, ina dawowa, sai na hango wani tsoho ya jingine keke wurin maigadi, wandonsa duk taɓo, yana kwance wani kwano daga bayan keken.

Babana ne.

Mutumin da ya koya mini addu'a. Tun ina yaro ban taɓa yi masa magana a tsaye ba.

"Iliya!"

Na ji idon yaran nan a ƙeyata. Saura kwana uku. Na ce a raina kwana uku ne kawai, daga baya na ba shi haƙuri. Na sunkuyar da kai na wuce.

"Iliya, ni ne fa. Kai, Iliya!"

Sai Janar ya ɗaga murya, da gangan ya yi. "Auta! Zo nan."

Na tafi a guje. Na durƙusa a gaban yaron da bai kai ƙanena ba, babana yana tsaye yana kallo da kwano a hannu. Wayyo ni!

Da na waiwaya, ya juya keken. Bai hau ba, turawa yake yi.

Su Janar suka tafi shan giyarsu suna yaba mini, na ce cikina yana ciwo. Na zagaya filin ƙwallo ban san sau nawa ba. In zauna in miƙe. Gab da magariba maigadi ya yafito ni. Dattijo ne Musulmi, yana shirin alwala.

"Kai ne Iliya? Ba sai ka amsa ba, na san dokar taku ta banza. Ga kwanonka. Tsohon ya tambaye ni ko wani ciwo ya taɓa maka kunne. Ya ce in gaya maka ya riga ya sa wa abincin albarka tun daga gida, ka ci kawai." Ya ajiye buta, ya dube ni. "Ɗan nan, ni da shi ba addininmu ɗaya ba, amma da nawa ne ya yi mini haka, da ban iya tura keken nan ba."

Na ɗauki kwanon na shiga gonar makaranta, cikin dawa. Na buɗe. Dambun zogale ne na hannun uwata, da cinyar zabuwa a kai. Na durƙusa a wurin.

Ban iya addu'a mai tsari ba. Cewa na yi, "Yesu, na gaji. Na gaji da gudu. Na sayar da ubana don aikin da ban gani ba. In kana karɓar irina, ka karɓe ni." Na yi kuka kamar yaron goye.

Ban ga haske ba, ban ji wata murya ba, ba zan yi muku ƙarya ba. Amma abin nan da yake ta motsi a ƙirjina shekara da shekaru, sai ya tsaya cik. Na zauna. Karon farko na zauna ban ji ina so in tashi ba. Na sa hannu na ci dambun nan tas. Haleluya!

Jarrabawa na faɗi, kamar yadda na zata. Kaduna ban je ba. Kafinta na zama, har yau shi nake yi, bayana ya gaji. Amma giya ba ta sake shiga bakina ba, kuma ina barci. Godiya ta tabbata ga Ubangiji! Kai da kake ganin kowa ya wuce ka, kada ka durƙusa wa wanda bai isa ba don ka cim musu. Ka dogara ga Yesu, ya san inda ya ajiye ka.

Bari in koma baya. Washegarin ranar da na ci dambun nan, da safe na wanke kwanon. Na iske Janar yana goge baki, na ajiye masa jan ƙyallen da suka ba ni a kan dutse.

"Auta, saura kwana biyu fa! Ka haukace ne?"

Na ce, "Sunana Iliya. Na kuma girme ka."

Na gaida maigadi da kyau, na hau motar Sandamu, sauran na ƙarasa da ƙafa. Na tarar an taso daga sujada, Baba yana zaune a ƙofar gida shi kaɗai. Tun daga nesa na cire takalmi. Na durƙusa, gwiwa biyu a ƙasa, na ce, "Baba, ina kwana. Kunnena lafiya lau yake. Na ji ka jiya."

Ya dube ni. Sannan ya matsa mini wuri a kan tabarma.

"Na sani," ya ce. "Ka zo da kwanon? Uwarka tana ta tambaya."