Kilo Goma Sha Biyar a Sikelin Baba Karimu

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Malam Jumare, limaminmu. Dakta Abdulsalami, shugaban ƙungiyar ɗalibai. Iyayenmu da suka taso daga Birmingham tun da sassafe. Mma Barikisu, wadda ta fita takaba shekaranjiya. Kawu Habu da Anti Sherifatu, 'ya'yan marigayi. Iyayena da yayyena, ina gaishe ku duka.

Sunana Raki Uba, shekarata goma sha biyu. Yaran makarantar Asabar ne suka ce in yi magana a madadinsu, don ni ce na iya rubuta Hausa. Ban taɓa magana a gaban manya ba. Idan muryata ta yi ƙasa, ku yi mini haƙuri.

Baba Karimu ya kasance direban bas a garin nan shekara ashirin da shida. Ya zo daga Kumasi tun kafin a haifi iyayen wasunmu. Ya kasance mutumin da bai san bambanci tsakanin yaran Gana da yaran Najeriya ba. Kowa "kai" yake ce masa, mace da namiji, kuma kowa yana samun alewa ɗaya, ba biyu ba.

Ya kasance mai karaban, wannan ɗan gida mai taya da mota take ja, wanda ke ajiye a bayan gidansu a Gorton. Ɗalibai da yawa sun kwana a ciki kafin su sami ɗaki. Dakta ya gaya mana shi ma ya yi kwana tara a ciki lokacin da ya sauka. Da aka rufe wurin wasan yara na unguwarmu shekara biyu da suka wuce, aka ce babu kuɗin riƙe shi, Baba ya ce to shi yana da mota. Duk hutu yana kai mu bakin teku, huɗu-huɗu, bi da bi, har kowa ya je. Yawancinmu a motarsa muka fara ganin teku.

Amma ba a tashi sai an auna hanci. Hanci shi ne ƙarfen gaban karaban, wanda ake ɗorawa a kan ƙwallon ƙarfe na bayan mota. Baba yana da tsohon sikelin banɗaki da guntun katako da ya yanka daidai tsayin ƙwallon. Sai ya kafa katakon a kan sikeli, ya sauke hancin a kai a hankali, yaron da layi ya zo kansa ya durƙusa ya karanta. Dukkanmu mun yi. Ya ce idan hanci ya yi nauyi da yawa, zai danne bayan mota, sitiyari ya daina jin magana. Idan ya yi sako-sako, karaban zai riƙa kaɗa wutsiya har ya juya motar. Ya ce kowace mota da iyakar abin da take ɗauka, an rubuta a jikin ƙarfen.

Bara, ranar da layi ya zo kaina, mun auna, komai daidai. Muna kan motorway, babbar hanya, wata tirela ta wuce mu, sai na ji bayan motar ya tafi hagu, ya dawo dama, ya sake tafiya. Na waiwaya na ga karaban yana lilo kamar zai zo gefenmu. Mma tana salati. Baba bai taka burki ba. Ya ɗaga ƙafa daga totur, ya riƙe sitiyari, har abin ya lafa. Da muka sami wurin tsayawa ya buɗe karaban, sai ga manyan kuloli uku na shinkafa da wake da jarkokin ruwa a kan gadon baya. Bayan mun auna aka saka su.

Ya ce, "Barikisu, wa ya kai abinci can?"

Mma ta ce, "To ina zan sa, Alhaji? A ƙasa, inda yara ke taka takalmi?"

Ya ce, "A ƙasa, kan taya. Shimfiɗa masa zanenki idan kina jin nauyinsa."

Ta ce, "Mutum ya tsufa yana auna gida da sikelin wanka."

Ya yi dariya, amma da ya miƙo mini katakon na ga hannunsa yana rawa. Ban taɓa gaya wa kowa ba.

Ummana ta karanta jawabin nan har zuwa nan. Abin da ya rage da safen nan na ƙara, ba ta gani ba. Umma, ki yafe mini.

Gobe Mma za ta koma Selly Oak, can Birmingham, wurin Anti Sherifatu, don ba za ta iya riƙe gidan ita kaɗai ba. Jiya iyayenmu mata suka shirya kayanta a cikin karaban. Sun yi aiki tun safe, don ƙauna suka yi. Buhunan shinkafa da mutane suka kawo na gaisuwa, da garwar manja, da tukwanen biki, duk an jera su a kan gadon baya, wuri mai tsabta, nesa da ƙofa da takalma. Akwatunan littattafan Baba an ɗora su can sama, don kada a ajiye karatu a ƙasa. Na san dalilin kowane abu. Ni ma haka aka koya mini.

Motar Baba ta lalace tun kafin ya kwanta asibiti. Motar Kawu Habu ce za ta ja, kuma ta fi ta Baba ƙanƙanta. Na leƙa ƙarfen bayanta, an rubuta kilo sittin. Baba ya ce wannan karaban, idan an yi masa kaya, kada hancinsa ya gaza hamsin. Yau da safe ni da yara biyu muka ɗauko sikeli da katako. Mun auna sau uku. Goma sha biyar.

Na gaya wa Kawu. Ya ce, "Raki, you're twelve. Je ki taya su jera kujeru." Bai faɗa da faɗa ba. Na san wata huɗu ke nan komai a kansa yake, kuma ranar Litinin zai koma aiki. Na tafi na jera kujerun.

Kawu, gobe Mma ce a kujerar gaba. Yaranka biyu suna baya, inda na zauna bara. Hanyar Birmingham cike take da tireloli. Baba ya yi shekara ashirin da shida yana tuƙa bas, duk da haka hannunsa ya yi rawa.

Mma, ki yi haƙuri. A sauko da shinkafar ƙasa, kan taya. Za mu wanke wurin, mu shimfiɗa sabon zane. Littattafan su shiga mota, ko a riƙe su a cinya. Abin da ya yi yawa a bar shi a gidanmu, Abbana zai kawo wani satin. Mu goma sha ɗaya ne a makarantar Asabar, kowa ya yarda zai zo bayan sallar asuba.

Saura abu ɗaya. Akwai kwaɗon da Baba yake rufe hancin da shi saboda ɓarayi. Na rufe shi, na ɗauke makullin daga ƙusar da yake rataye. Na san ba tarbiyya ba ce, duk hukuncin da aka yi mini na karɓa. Ga shi a hannuna. Malam, zan ajiye shi a gabanka. Ina roƙonka kada ka ba kowa sai ka ga allurar sikelin da idonka tsakanin hamsin da sittin.

Na gode wa duk wanda ya zo, da waɗanda suka dafa abinci, da waɗanda suka saurare ni har ƙarshe.

Allah ya jiƙan Baba Karimu, ya haskaka kabarinsa, ya nauyaya mizaninsa. Allah ya ba Mma haƙuri da mu baki ɗaya. Allah ya kai su Selly Oak lafiya, su huɗun, Anti Sherifatu, da za ta riga su komawa yau, ta kira mu ta ce sun iso. Amin.